Besi Kolman, Matuƙiyar Jirgin Sama

An haifi Besi Kolman a jihar Tekzas ta ƙasar Amurka ran 26 ga Janairu 1892. Baƙar fata ce, iyayenta kuwa talakawa ne masu noman auduga. Kullum takan yi tafiyar mil 4 a ƙasa zuwa makaranta.

Da ta shekara 23 sai ta koma birnin Shikago, tana gyaran farce a wani shagon aski. A nan ta riƙa jin labarin jiragen sama a bakin sojan da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko, har abin ya shiga ranta. Amma makarantun Amurka suka ƙi karɓarta, don mace ce, kuma baƙa. Wani mai jarida, Robert Abbott, ya ba ta shawara ta nufi Faransa. Ta koyi Faransanci, ta tara guzuri, ta tashi a watan Nuwamba 1920.

Makarantar da ta shiga tana Le Crotoy, a bakin teku. Jirgin da aka koya mata tuƙi da shi ƙarami ne, na katako da ƙyalle, mai fukafukai hawa biyu. Ko birki ba shi da shi, sai wani ƙarfe a ƙarƙashin wutsiya wanda ke kartar ƙasa har jirgin ya tsaya.

To, a wajen ɗalibi tashi bai kai sauka wuya ba. Ku dubi mai kwalekwale a Yawuri ko Ngaski sa'ad da ya doshi gaɓa. In ya zo da gudu ya daki tudu, in ya yi sanyi ruwa ya janye shi. Amma shi yana iya ajiye filafili ya yi shawara. Mai jirgin sama ba shi da wannan dama. In ya rage gudu ainun, iska ta saki fukafukai, jirgin ya faɗo kamar dutse. In gudun ya yi yawa, jirgin ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ko ya zarce fili, ko ya kife da hanci. Ga kuma iskar gefe mai ture shi. Don haka ne a makarantar tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ɗalibi kan yi ta tashi da sauka tare da malami kafin a bar shi shi kaɗai.

Besi tana cikin koyo wani ɗan'uwanta ɗalibi ya faɗi da jirgi a kan idonta, ya mutu. Abin ya girgiza ta ƙwarai, amma ba ta fasa ba. Ran 15 ga Yuni 1921 aka ba ta takardar shaidar tuƙi. Ita ce baƙar mace ta farko da ta samu.

Ta koma Amurka tana wasa da jirgi a gaban jama'a, tana tara kuɗi don ta buɗe wa baƙaƙe makaranta. Kuɗinta bai isa sayen sabon jirgi ba, sai kwancen na soja, wannan kuwa shi ya yi ta jawo mata wahala. A watan Fabrairu 1923, a Kalifoniya, injin ya mutu bayan ta tashi, jirgin ya faɗi, ta karye a ƙafa da haƙarƙari.

Da ta warke ta sake hawa. A 1926 ta sayi wani tsohon jirgi, wanda sai da ya yi saukar dole sau 3 kafin a kawo mata shi Jacksonville. Ran 30 ga Afrilu ta hau, makanikenta yana tuƙi. Ba ta ɗaura ɗamara ba, don tana son ta leƙa ta duba filin. Ashe an mance da sifana a cikin jirgin, ta maƙale a kayan tuƙi. Jirgin ya juye, Besi ta faɗo ta mutu, makaniken ma bai tsira ba. Shekarunta 34.

A 1929 William Powell ya kafa ƙungiyar koya wa baƙaƙe tuƙin jirgi a Los Anjeles, ya sa mata sunan Besi.