Walter Camp: Shugaban kamfanin agogon da ya tsara zari-rugar Amurka

Duk wanda ya tashi da kallon ƙwallon ƙafa, ranar da ya fara cin karo da zari-rugar Amurka a talabijin, abin da ke soma ɗaure masa kai shi ne yawan tsayawa. Ƙarti 22 su jeru fuska da fuska, su yi arangama ta 'yan daƙiƙoƙi, alƙali ya busa usur, kowane ɓangare ya ja baya ya yi ƙus-ƙus, sannan a sake jeruwa. A ƙa'ida wasan na minti 60 ne, amma yakan ci sama da awa 3, kuma wani bincike da jaridar Wall Street Journal ta yi a 2010 ya gano cewa lokacin da ƙwallo ke motsi a cikinsa bai fi minti 11 ba. Da gangan aka gina wasan a haka, kuma wanda ya fi kowa hannu a ginin shi ne Walter Chauncey Camp, mutumin da Amurkawa suka laƙaba wa uban wasan tun yana raye.

An haifi Camp a ranar 7 ga Afrilu, 1859 a garin New Britain na jihar Connecticut. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Ya yi karatu a makarantar Hopkins da ke New Haven, daga nan ya shiga Jami'ar Yale da ke garin, inda ya kammala a 1880. Ya fara karatun likita a jami'ar amma bai ƙarasa ba. A 1883 ya kama aiki a kamfanin agogo na New Haven, ya yi ta hawa mataki-mataki har ya zama shugabansa. Wannan ita ce sana'ar da ta ci da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwallo kuwa aikin bayan tashi daga ofis ne.

Lokacin da ya shiga Yale, wasan da ɗaliban Amurka ke yi bai gama zama komai ba. A Ingila an riga an raba gari tun 1863, sa'ad da wakilan ƙungiyoyi suka taru a Landan suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa, lauya Ebenezer Cobb Morley ya rubuta mata dokoki 13. Waɗanda suka nace a bar su su ruga da ƙwallo a hannu suka fice, suka kafa tasu hukumar ta zari-ruga a 1871. Amurka ta fara ne da bin ɓangaren masu ƙafa. Wasan farko tsakanin jami'o'i, wanda Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4 a ranar 6 ga Nuwamba, 1869, an yi shi ne da ƙwallo zagayayya, mutum 25 a kowane ɓangare. Abin da ya juya akalar shi ne ziyarar da ɗaliban Jami'ar McGill ta Kanada suka kai wa Harvard a 1874, suka nuna musu zari-ruga. Wasan ya shiga ran 'yan Harvard, su kuma suka ja sauran. A Nuwamban 1876 manyan jami'o'in gabashin ƙasar suka zauna a Springfield suka amince da dokokin zari-ruga. A wannan kakar ce Camp ya fara sa rigar Yale, daga bisani ya riƙe kyaftin ɗinta, kuma tun yana ɗalibi aka soma tura shi tarukan tsara dokoki. Kujerar da ya hau ke nan bai sauka ba sai da rai ya yi halinsa, kusan rabin ƙarni.

Abin da ya fi tsone masa ido a zari-rugar Ingila shi ne turereniyar da ake yi idan wasa ya tsaya: a jefa ƙwallo tsakiyar mutane, a yi ta dannar juna, ba wanda ya san ta inda za ta ɓullo. Ingilawa na ganin daɗin wasan ke nan. Camp kuwa gani yake an bar wa sa'a abin da ya kamata a bar wa shiri. A 1880 ya samu aka amince da shawararsa: a rage 'yan wasa daga 15 zuwa 11, a kuma soke turereniyar. A maimakonta, ɓangarorin biyu za su jeru a kan layi, ƙwallo na hannun ɓangare guda ba tare da jayayya ba, mutum ɗaya ya tura ta baya ga wanda zai raba ta. Da ƙafa ake turawar a farko, daga baya aka koma hannu.

Wannan gyara, ƙarami a ido, shi ne ya raba wasan Amurka da danginsa. A ƙwallon ƙafa ba wanda doka ta mallaka wa ƙwallo. Tana wurinka ne muddin ka iya riƙe ta, kuma agogo ba ya jiran kowa a minti 45 na kowane rabi. Haka abin yake a ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ta fito daga Montreal a daidai wannan zamani. James Creighton, wanda shi ma ɗan zari-ruga ne, shi ya shirya wasanta na farko a rufaffen fili ranar 3 ga Maris, 1875, da mutum 9 a kowane ɓangare da ɗan faifan katako. A yau mutum 6 ne, ana zango 3 na minti 20, kuma gudun ya kai har ana sauya 'yan wasa wasa na tafiya, don ba mai iya jure fiye da ɗan lokaci kaɗan a kan ƙanƙarar. Wasannin nan biyu suna gudana ne kamar ruwan kogi, ɗan wasa na yanke shawara da kansa yana cikin gudu. Camp ya datse nasa kogin gida-gida, kowane gida da tsarin da aka shirya masa tun kafin a taɓa ƙwallo.

Sai dai da farko gyaran ya so ya zama na gangar Auzinawa. Tunda doka ta ba ɓangare guda ƙwallo, ba ta kuma ce ga ranar da zai sake ta ba, masu wayo suka gane cewa wanda ke tsoron shan kaye yana iya zaune mata. A wasan Yale da Princeton na 1881, Princeton ta riƙe ƙwallo rabin farko ba tare da wani yunƙurin ci ba, Yale ta rama a rabi na biyu, aka tashi babu ci, 'yan kallo suka watse suna tsaki. A 1882 Camp ya kawo magani: an ba ɓangaren da ke da ƙwallo yunƙuri 3 ya ci yadi 5 gaba, in ya kasa ya miƙa ta. Don alƙali ya iya aunawa, sai aka zana layuka a fili kowane yadi 5, kuma asalin zane-zanen nan ke nan da ake gani a filayensu har yau. A 1883 aka ƙara tsarin maki, kowace irin nasara da farashinta. A lokacin, buga ƙwallo ta tsakanin turaku ta fi kai ta ƙarshen fili da hannu daraja, maki 5 da maki 2. Sannu a hankali lissafin ya juye, har ya zama 3 da 6 a 1912. Wasan da ake kira na ƙafa ya wayi gari ƙafa ce mafi ƙarancin aiki a cikinsa.

Da wuya a kalli waɗannan dokoki ba a tuna inda mai su yake wuni ba. Masana'antar agogo wuri ne da kowane ma'aikaci ke da aiki guda da yake maimaitawa, a auna shi, a san abin da ya fitar. Haka Camp ya ɗauki ƙungiyar ƙwallo, kuma a rubuce-rubucensa ya sha kwatanta ta da kamfani ko rundunar soja. Sakamakon ya fito fili da ya horar da Yale daga 1888 zuwa 1892, inda ta ci wasa 67 ta sha kashi a 2 kacal. A kakar 1888 ta ci duk wasanninta 13, ta tara maki kusan 700, ba a ci ta ko ɗaya ba. Akwai wani hannu a wannan nasara da ba a cika ambato ba. A shekarar ce ya auri Alice Graham Sumner, ƙanwar fitaccen malamin nan na Yale, William Graham Sumner. Da yake mijin yana ofis da rana, ita ke zuwa filin atisaye da littafinta tana rubuta abin da ta gani, da dare kuma manyan 'yan wasa su zo gidan a baje bayanan. Daga baya ya horar da Jami'ar Stanford a 1892 da 1894 da 1895.

Tsarin da ya haifi wannan nasara shi ne kuma ya haifi bala'i. Idan yadi 5 kaɗai ake nema, hanya mafi sauƙi ita ce a tara ƙarti a wuri guda a danna. Da aka halatta kama mutum ta ƙasan ƙugu a 1888, gudun fili ya ragu, dannar ta ƙaru. A 1892 Harvard ta fito wa Yale da wani sahu mai siffar kan mashi, mutane su taho a guje su afka wa mutum guda, kuma a zamanin ba a tilasta hular kwano ba. An haramta wannan sahu a 1894, amma karaya da mutuwa ba su tsaya ba. A nan ne tarihin Camp ya samu tabo. A shekarar ya fitar da wani littafi na alƙaluma da ke wanke wasan daga zargin haɗari, kuma masana tarihi da dama sun zarge shi da zaɓar shaidun da suka yi masa daɗi. Mutumin da ya yi suna da aune-aune, a wannan karon ma'auninsa ya karkata wajen abin da yake ƙauna.

A 1905 tura ta kai bango. Jaridu sun ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu a filin wasa a kakar. Tun a Oktoba Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, Camp na cikinsu. Bayan mutuwar Harold Moore na Kwalejin Union a ƙarshen Nuwamba, jami'o'i da dama suka kafa sabon kwamiti a gefen na Camp, wanda shi ne tushen hukumar NCAA ta yau. Columbia ta soke wasan, Stanford da ya taɓa horarwa ta koma zari-rugar Ingila. A daidai wannan lokaci kuma aka fallasa cewa Yale na da wani asusun wasanni na kusan dala 100,000 a ƙarƙashin kulawarsa, alhali shi ne kan gaba wajen wa'azin cewa ɗalibi ba ya wasa don kuɗi.

Masu neman gyara sun ce a bari a riƙa jefa ƙwallo gaba da hannu, don 'yan wasa su bazu a fili. Camp bai so ba. Shi ya fi son a faɗaɗa filin da ƙafa 40. Abin da ya karya shawararsa siminti ne: Harvard ta riga ta gina katafaren filinta na kankare a 1903, kuma ba halin ture bango. Saboda haka a 1906 aka halatta jifar gaba, aka kuma mayar da yadi 5 zuwa 10, sannan a 1912 aka ƙara yunƙuri ya zama 4. Abin lura, duk wasannin uku sun bi ta wannan ƙofa. Dokar ƙwallon ƙafa ta 1863 ta ɗauki duk wanda ke gaban ƙwallo a matsayin mai satar fage, sai a 1866 aka sassauta. Ƙwallon gora ta ƙanƙara ma ta daɗe ba a miƙa faifai gaba, sai a 1929 gasar NHL ta buɗe hakan a dukkan sassan fili. A kowannensu, sakin gaba ne ya kawo armashin da 'yan kallo ke biya su gani. Jifar da Camp ya ƙi ita ce ta mayar da mai raba ƙwallo tauraron wasan, duk da cewa ba za ta yiwu ba in ba don layin da shi Camp ɗin ya ƙirƙiro a 1880 ba.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yana da hujjarsa idan ya ce wannan wasa ya cika doka. Dokoki 17 sun ishi duniya, kuma yara sukan yi wasansu da duwatsu biyu a matsayin raga. Ƙwallon gora na bukatar ƙanƙara da takalmin sulu, shi ya sa ta tsaya a ƙasashe masu sanyi. Wasan Camp kuwa yana bukatar sulke da alƙalai da dama da masu horarwa birjik, kuma wannan na cikin dalilan da suka hana shi yin nisa da gida. Amma a gidan ba shi da na biyu. Mai kallonsa yana samun abin da ƙwallon ƙafa ba ta cika bayarwa ba: tsakanin kowane yunƙuri yana da sararin ya yi lissafi, ya yi hasashen dabarar da za a fito da ita, kamar mai kallon dara. Tsaye-tsayen sun kuma yi wa gidajen talabijin daidai wajen saka talla, abin da Camp bai rayu ya gani ba.

Bai tsaya ga doka kaɗai ba. Ya rubuta littattafai kusan 30 da maƙaloli masu yawa, kuma daga 1889, tare da ɗan jarida Caspar Whitney, aka soma fitar da jerin gwanayen 'yan wasa 11 na shekara, wanda daga baya ya riƙa wallafawa a mujallar Collier's. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsara wa sojojin ruwan Amurka motsa jiki iri 12 na 'yan mintoci, waɗanda bayan yaƙin aka naɗa a faifan garmaho suka shiga gidajen jama'a.

A watan Maris na 1925 ya je New York taron kwamitin dokoki kamar yadda ya saba. Da safiyar ranar 14 ga wata bai fito zama ba, abokan aikinsa suka bi sawu ɗakinsa na otal suka tarar ya cika a cikin barci. Yana da shekara 65. An binne shi a New Haven, kuma a 1928 aka buɗe wata babbar ƙofa mai ɗauke da sunansa a mashigar filayen wasan Yale, da kuɗin da ɗaruruwan jami'o'i da makarantu suka tara.