Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da masu ba gwamnati shawara kan kasuwa

A yau duk gwamnan da ya tashi tsara tattalin arzikin jiharsa, sai ka ga ya nemi cibiyoyin nazarin manufofi na Legas ko na ƙasashen waje. Da yawa daga cikinsu ra'ayinsu ɗaya ne: gwamnati ta janye hannu, kasuwa ta yi halinta. Wannan salo ya samo asali daga irin cibiyar IEA da Antony Fisher ya kafa a Landan a 1955, wadda ta share wa Margaret Thatcher fage, da kuma Heritage Foundation ta Amurka da ta miƙa wa Shugaba Reagan kundin shawarwari a 1981. Mun ɗanɗani irin wannan magani a shirin SAP na 1986, da janye tallafin mai a 2023. Wannan ne ya sa nake son mu waiwayi wani mutumin Sakkwato da ya yi dogon tunani kan sarki da kasuwa tun kafin a haifi kakannin waɗancan masana.

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi, ya riƙe tuta a yaƙe-yaƙen jihadi, sannan ya gina birnin Sakkwato a 1809. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya yi shekara 20 yana mulki, har ya rasu a Wurno a 1837.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda sarakuna ke aiko masa da tambayoyi, shi kuma ya amsa a rubuce. Ya rubuta wa Yakubun Bauchi amsoshi, ya kuma rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina littafin Usulus Siyasa. A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar siyasa a nan ta isa abin lura. A bakinmu yau tana nufin kamfe da neman ƙuri'a. A alƙalamin Bello kuwa tana nufin dabarar kiwon jama'a da gyara sha'aninsu.

Bello bai ƙi kasuwa ba. Ya taso cikin gidan da ya yi tir da harajin zalunci da sarakunan Haɓe ke karɓa daga 'yan kasuwa, kamar yadda Shehu ya zayyana a Kitabul Farƙ. Shi kansa ya rubuta Tanbihus Sahib don nuna darajar neman halal da ƙin zaman banza. Da Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu yana neman hulɗar ciniki.

Amma fa bai yarda sarki ya naɗe hannu ba. A Usulus Siyasa ya ɗora wa shugaba nauyin rainon manoma da maƙera da marina da maɗinka, da rarraba su garuruwa, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Ya kuma aikata haka, domin ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya zaunar da makiyaya, saboda fatauci ba ya yiwuwa inda ba tsaro.

To ina darasi? Na farko, shawarar da aka ɗauko daga Landan ta tarar da titi da lantarki da kotu a can. Manomin albasa na Gada ko dillalin shanu na Illela, ba yawan hannun gwamnati ne ya dame shi ba, rashinsa ne: ba rumbun ajiya, ba tsaro a hanya. Na biyu, Bello kan sa sunansa a shawararsa, ya kawo hujja, kowa ya karanta ya yi muhawara. Don haka duk cibiyar da ke ba gwamnoninmu shawara ta fito fili ta faɗi mai ba ta kuɗi, a kuma buga rahotonta, har da Hausa.

Na uku ya hau kanmu malaman jami'a. Rubuce-rubucen Bello na nan a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan ba mu mayar da su abin da kwamishinan kasafi zai iya aiki da shi ba, wasu za su ci gaba da yi mana tunani, mu kuma mu riƙa biyan farashi a Tsohuwar Kasuwa.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari.