Marigayi James Rainwater, Masanin Da Ya Gano Siffar Cibiyar Zarra

An haifi James Rainwater ran 9 ga watan Disamba, 1917, a wani ɗan gari da ake kira Council cikin Jihar Idaho ta ƙasar Amurka. Yana jariri mahaifinsa ya rasu cikin annobar murar nan ta 1918, sai iyalin suka ƙaura zuwa Hanford ta Jihar Kalifoniya. Ya sami digirinsa na farko a fannin fizik a Caltech cikin 1939, sa'an nan ya wuce Jami'ar Kolambiya ta birnin New York, inda ya yi aiki cikin shirin ƙera bom ɗin nukiliya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya sami digirin dakta a 1946, ya zama shehun malami a 1952.

A wancan zamani yawancin masana sun ɗauka cewa cibiyar ƙwayar zarra dunƙulalliya ce kamar ƙwallo. Amma cikin 1949 Charles Townes ya gabatar da lacca, ya nuna cewa awon da aka yi wa waɗansu cibiyoyi ya saɓa wa wannan zato ƙwarai. Rainwater ya saurara, ya yi nazari, ya buga bayaninsa a 1950. Ya nuna cewa 'yan ƙwayoyin furoton da nutron da ke zagayawa can gefe suna jan sauran, har su miƙar da cibiyar ta koma kamar ƙwai.

Muhimmancin wannan kuwa shi ne, bisa dokokin da ke mulkin irin waɗannan ƙananan halittu, abin da ya yi daidai ta kowace fuska ba shi da wani juyi da za a iya aunawa. Mai siffar ƙwai kuwa yana juyawa ɗungurungum, ƙarfin juyinsa na hawa mataki-mataki. Aage Bohr ɗan ƙasar Danmak, wanda suka zauna ofishi ɗaya da Rainwater a Kolambiya, ya koma gida ya haɗa kai da Ben Mottelson, suka tabbatar tsakanin 1952 da 1953 cewa matakan sun dace da sakamakon gwaje-gwaje. Saboda haka aka ba su ukun Kyautar Nobel a 1975.

Ban da wannan, shi da ɗalibinsa Val Fitch sun auna girman cibiyar a 1953, suka tarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Rainwater ya rasu ran 31 ga watan Mayu, 1986, a Yonkers kusa da New York, yana da shekara 68.