Manjo Hasler, Jarumin Kwale-kwale

Yau mun waiwayi Herbert Hasler, hafsan sojan kundumbala na ruwa na Ingila, wanda aka haifa a 1914. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ruwa na sauke wa Jamus kaya a tashar Bordo ta Faransa. A Disamba 1942 ya ja mutum tara cikin kwale-kwale biyar, suna tuƙi da dare, suna ɓuya da rana. Huɗu kaɗai suka isa, suka manna nakiyoyi, jirage shida suka lalace. Jamusawa sun harbe mutum shida, biyu suka mutu a ruwa. Shi da Bill Sparks ne suka tsira, suka ƙetara duwatsu da ƙafa zuwa Sifaniya. Ya rasu a 1987.