Paul Eisler: Mutumin Da Ya Buga Wayoyin Rediyo Kamar Littafi

Duk wanda ya taɓa buɗe bayan akwatin rediyo zai ga wani ɗan allo mai zanen tagulla, an liƙe ƙananan kayayyaki a kansa da dalma. Mutumin da ya fi kowa wahala a kan wannan allo shi ne Paul Eisler, wanda aka haifa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cikin 1907.

Eisler ya gama karatun injiniya a Biyana cikin 1930, amma da yake Bayahude ne, kuma ƙiyayyar Yahudawa ta yi ƙarfi a zamanin, sai aiki ya gagare shi a garinsu. Ya yi ɗan zama a Belgared yana aikin rediyo a jiragen ƙasa, sa'an nan ya komo gida ya shiga aikin ɗab'i, inda ya naƙalci yadda ake sassaƙa zane a farantin ƙarfe. Wannan sana'a da ya kama don dole ita ce ta zama mabuɗin aikinsa.

Cikin 1936 ya yi ƙaura zuwa Ingila. A lokacin nan da hannu ake haɗa cikin rediyo, watau ma'aikaci ya yanka waya, ya lanƙwasa ta, ya liƙe kowane baki ɗaya bayan ɗaya, kuskure guda kuwa ya isa ya ɓata akwati duka. A wani ɗakin haya a Landan, Eisler ya haɗa rediyo wadda hanyoyin lantarkinta ke shimfiɗe a kan allo. Ya kai wa wani kamfanin ƙera rediyo, suka ƙi, bisa hujjar cewa matan da ke yi musu aikin hannu sun fi araha.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hukuma ta tsare shi cikin 1940 a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, ko da yake waɗannan abokan gaban ya guje wa. Bayan an sake shi sai ya kama aiki da maɗaba'ar Henderson and Spalding, kuma cikin 1943 ya nemi rajistar dabararsa. Ga yadda take: a manna fallen tagulla a kan allon da lantarki ba ya ratsawa, a buga zanen hanyoyin da tawadar da ruwan asid ba ya ci, sa'an nan a tsoma allon cikin ruwan ya cinye sauran tagullar. Abin da ya rage shi ne wayoyin, a jere, babu kuskure, ko dubu nawa ake so.

Saboda siririntar wannan tagulla ne gwanayen gyara ke hattara. Dalmar liƙi, wadda yawanci kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma, tana narkewa kusan digiri 190, amma in aka bar ƙarfen liƙi ya daɗe a wuri guda sai mannin ya saki, hanyar ta ɗago. Maganinta kuwa shi ne a kankare gefen biyu har jan ƙarfen ya bayyana, a ɗora 'yar siririyar waya ta zama gada.

Amma fa Eisler bai ci moriyar wahalarsa sosai ba. Ya sa hannu a yarjejeniyar aiki ba tare da ya karanta ba, wadda ta mallaka wa kamfani haƙƙin ƙirƙirarsa a kan fam ɗaya tak. Cikin 1957 ya rabu da kamfanin Technograph da aka kafa don dabararsa, ƙarar da kamfanin ya kai masu amfani da ita a Amurka kuma ba ta yi nasara ba. Duk da haka bai zauna ba, ya ci gaba da ƙirƙiro fallayen ƙarfe masu ba da zafi, har ya mutu a Landan cikin 1992.

To, ɗalibi da ma'aikaci su lura: ilmin da ya tsinta a maɗaba'a ne ya ɗaukaka shi, takardar da bai karanta ba kuwa ita ta raba shi da ribarsa.