Tarihin Paul Cuffe: ɗan bawan da ya mallaki jiragen ruwa da gonaki a Amurka

A filin tarihi na wannan mako za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu koma baya sama da shekara 200, don jin labarin wani baƙar fata mai suna Paul Cuffe. Matuƙin jirgin ruwa ne, ɗan kasuwa, kuma mai gonaki, a zamanin da akasarin baƙaƙen fata na ƙasar ke cikin bauta.

Labarin ya faro ne daga Afirka ta Yamma. An kama mahaifinsa yana yaro a yankin da ake kira Gana a yau, aka kai shi Amurka aka sayar. Sunansa Kofi, wanda a wajen mutanen Akan ake raɗa wa yaron da aka haifa ranar Juma'a, kamar yadda mu muke cewa Ɗanjuma. Ya yi bauta a hannun dangin Slocum a yankin Massachusetts, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Wajen tsakiyar shekarun 1740 ya samu ƴancinsa, ya auri Ruth Moses, ƴar ƙabilar Wampanoag, wato ƴan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Allah ya ba su ƴaƴa 10. An haifi Paul ranar 17 ga Janairun 1759 a wani ƙaramin tsibiri mai suna Cuttyhunk.

Kofi mutum ne mai tattali. Da aikin kafinta da noma da kamun kifi ya tara kuɗi, har a shekara ta 1766 ya sayi gona mai faɗin eka 116, kimanin hekta 47 kenan, a garin Dartmouth. Ya rasu a 1772, Paul na da shekara 13, gonar kuma ta faɗo hannun Paul da wansa John. Daga baya ƴaƴan suka ajiye sunan Slocum na tsohon ubangijin mahaifinsu, suka ɗauki sunan uban nasu. Kofi ɗin nan ne Turawa suka rubuta Cuffe.

Gonar ba ta isa ta riƙe gida duka ba, don haka Paul ya shiga teku tun yana matashi. Ya fara da jiragen farautar wel, wata ƙatuwar dabbar teku da ake narka kitsenta a yi man fitila. A cikin jirgin ne ya koyi lissafin hanya a teku daga manyan matuƙa, ya kuma ƙara ƙwarewa a karatu da rubutu, don bai samu shiga lakwal ba. Da yaƙin neman ƴancin Amurka ya ɓarke, sojojin ruwan Ingila suka kama jirgin da yake ciki a 1776, aka tsare shi wata uku a birnin New York.

Da ya fito sai ya ga wata dama. Jiragen Ingila sun tare hanyoyin ruwa, mutanen tsibirin Nantucket kuma suna cikin ƙarancin kaya. Paul ya haɗa ɗan ƙaramin kwale-kwale, yana ɗaukar kaya yana ratsawa cikin dare. Ƴan fashin teku sun tare shi fiye da sau ɗaya, sun ƙwace abin da ya ɗauko, amma ya sake komawa har ya fara cin riba. Daga wannan ribar ce ya riƙa canza ƙaramin jirgi da wanda ya fi shi.

Gonar gadon nan ce ta jawo masa rigimarsa ta farko da hukuma. Ana bin su harajin ƙasa, lanho kenan, amma ba su da damar jefa ƙuri'a. A watan Fabrairun 1780 Paul da John da wasu baƙaƙen fata suka rubuta wa majalisar Massachusetts takardar koke, inda suka nuna cewa bai dace a karɓi haraji daga mutumin da aka hana shi zaɓen masu yanke harajin ba. Hujjar nan kuwa ita ce Amurkawan da kansu suke kafawa a yaƙinsu da Ingila. Majalisa ba ta amsa musu ba, har ma aka jefa ƴan uwan biyu kaso na ɗan lokaci a ƙarshen shekarar. A ƙarshe dai an sasanta, suka biya ƙasa da abin da aka nema. Har yau ana ambaton takardar nan cikin koke-koken farko da baƙaƙen fata suka shigar kan haƙƙin zaɓe a Amurka.

A 1783 ya auri Alice Pequit, ita ma ƴar Wampanoag kamar mahaifiyarsa. Ya zauna a Westport, a bakin kogi, inda shi da mijin ƴar uwarsa Michael Wainer suka kafa wurin ƙera jirage. Daga nan jirage irin su Ranger da Alpha da Traveller suka fito, duka masu tafiya da ƙarfin iska. Ma'aikatansa yawanci dangi ne, baƙaƙen fata da ƴan asalin ƙasar, kuma ƴaƴan Wainer sun zama kyaftin-kyaftin a jiragensa. Akwai lokacin da ya shiga da Ranger jihar Maryland, inda bauta ke da ƙarfi, don sayen masara. Ganin jirgi da kyaftin baƙi da ma'aikata baƙaƙe ya tayar da hankalin masu bayi, don suna tsoron abin da bayinsu za su ɗauka a rai. Takardunsa na kan ƙa'ida, ya yi cinikinsa ya dawo lafiya.

Abin da teku ta kawo, Paul ya zuba shi a ƙasa. A ƙarshen shekarun 1790 ya sayi gona mai eka 140 a bakin kogin Westport kan dala 3,500. Ya kuma buɗe kanti a New Bedford tare da surukansa. Da ya ga babu lakwal a unguwarsu, maƙwabta kuma sun kasa haɗa kai a gina, sai ya gina ɗaya da kuɗinsa a cikin filinsa, ya buɗe ta ga yaran kowa, farare da baƙaƙe. A 1808 ya shiga ɗarikar Kirista ta Kweka, masu adawa da bauta, kuma da za a sake gina ɗakin ibadarsu na Westport ya ba da kaso mai tsoka.

Duk da wannan arziki, hankalinsa na Afirka. Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, kuma ta mayar da Saliyo ƙarƙashin mulkinta a 1808, inda ake zaunar da bayin da aka ƴanta. Tunanin Paul shi ne in Afirka ta samu kasuwancin amfanin gona da sana'o'i na halal, cinikin mutane zai mutu. A watan Maris na 1811 ya isa Firitawun cikin jirginsa Traveller. Ya tarar ƴan kasuwar Ingila sun kankane ciniki, baƙaƙen mazauna garin kuma ba su da hanyar fitar da kayansu. Ya taimaka aka kafa wata ƙungiyar taimakon juna ta ƴan kasuwa baƙaƙe. Ya kuma je Liverpool da Landan, ya gana da masu yaƙi da bauta.

Da ya koma gida a 1812, dangantaka tsakanin Amurka da Ingila ta lalace, ƴan duwan suka kama jirginsa da kayan ciki. Paul ya tafi Washington da ƙafarsa, ya gana da shugaban ƙasa James Madison, aka ba da umarni a sakar masa dukiyarsa. Yaƙin da ya biyo baya tsakanin ƙasashen biyu ya tsayar da shirinsa shekara uku.

A watan Disambar 1815 ya sake tashi zuwa Saliyo, wannan karo da mutum 38, manya 18 da yara 20, waɗanda suka zaɓi komawa Afirka. Sun sauka a watan Fabrairun 1816. Yawancinsu ba su da kuɗin jirgi, tallafin da ya sa rai daga Landan bai zo ba, kayan da ya kai kuma ba su yi kasuwa ba. Tafiyar ta ci masa kimanin dala 4,000 daga aljihunsa.

To a nan ne fa al'amarin ya rikice. A ƙarshen 1816 wasu fararen fata, cikinsu har da masu bayi, suka kafa ƙungiyar kwashe ƴantattun baƙaƙe zuwa Afirka, wadda daga baya ta kafa Laberiya. Sun nemi shawarar Paul, sun kuma yi amfani da sunansa. Amma a watan Janairun 1817 dubban baƙaƙen fata suka taru a wata majami'a a Philadelphia suka yi watsi da shirin. A ganinsu dabara ce ta korar masu ƴanci don bauta ta ƙara zama daram, alhali su ma an haife su a ƙasar kuma guminsu ya gina ta. Abokinsa James Forten ne ya rubuta masa labarin taron. Shi kansa Paul bai ƙaura ba, matarsa ma ba ta yarda ta bar ƙasar kakanninta ba.

Rashin lafiya ya kama shi a wannan shekara, ya rasu a watan Satumbar 1817 yana da shekara 58. An ƙiyasta abin da ya bari da kusan dala 20,000, cikin gonaki da gidaje da hannun jari a jirage, abin da ya sa ake lissafa shi cikin baƙaƙen fata mafiya arziki a Amurka ta wancan zamani. An binne shi a harabar ɗakin ibadar Kweka na Westport, inda aka kafa masa dutsen tunawa a 1913. A 1974 gwamnatin Amurka ta sa gonar da ke ɗauke da sunansa cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma akwai filin shaƙatawa da sunansa a New Bedford.

Ƴan uwa da ke zaune Amurka, in hanya ta bi da ku Massachusetts, wuraren nan na nan ana ziyarta. Wanda ya je sai ya aiko mana da labari mu karanta wa jama'a a gidan rediyo. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.