Hammer DeRoburt: Malamin Makaranta Da Ya Hana A Kwashe Mutanen Nauru

In mai karatu ya ɗauko taswirar duniya ya nemi Nauru, da ƙyar zai gan ta. Tsibiri ne guda ɗaya tak a tsakiyar tekun Fasifik, kimanin mil 2,000 arewa maso gabas da birnin Birisben na Ostareliya. Girmansa duka murabba'in mil 8 ne, kewayensa kuwa mil 12, watau mai keke ya zaga shi tsakanin azahar da la'asar. A nan aka haifi Hammer DeRoburt ran 25 ga watan Satumba, 1922.

Arzikin tsibirin nan, wanda kuma shi ne ya zame masa masifa, wani ma'adini ne da ake kira fosfat, wanda da shi ake yin takin zamani irin wanda manomanmu ke ce wa sufa. A 1900 wani Bature, Albert Ellis, ya gano cewa tudun da ke tsakiyar tsibirin kusan duk fosfat ne. Lokacin Jamus ke mulkin wurin. Kamfanin da ya fara haƙa yana biyan masu ƙasa sisin kwabo a kan kowane tan. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914 sai Ostareliya ta kama tsibirin, a 1919 kuma ita da Ingila da Niyu Zilan suka ƙulla yarjejeniyar raba ma'adinin. Hukumar da suka kafa ta riƙa sayar wa manomansu shi da araha, gonakinsu na yin kyau, Nauru kuwa ana barinta da ramuka da tsinin duwatsu inda ko akuya ba ta iya kiwo.

DeRoburt ya yi karatu a gida, sannan ya ƙaro ilmi a garin Jilon na Ostareliya, ya komo ya kama aikin koyarwa. Bai daɗe ba sojojin Japan suka mamaye tsibirin a 1942. A 1943 suka kwashe mutum 1,200, har da shi, suka kai su tsibiran Turuk aikin tilas. Yunwa da cuta suka yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka dawo gida ran 31 ga Janairu, 1946, su 737 ne kacal. Sai a riƙe wannan rana, don za ta sake fitowa a gaba.

A 1955 aka zaɓe shi cikin majalisar ƙaramar hukuma, ba da jimawa ba kuma ya zama Babban Sarki, muƙamin da 'yan majalisar ne ke zaɓen mai riƙe shi. Abin da ya tarar ba ƙarami ba ne. Ostareliya, wadda ke riƙon tsibirin amana a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1947, ta riga ta yanke cewa in fosfat ya ƙare ba mai iya zama a Nauru, saboda haka gara a kwashe mutanen tun da wuri. Da farko aka ce a watsa su cikin biranen ƙasashen nan uku. Suka ƙi. A 1963 aka yi musu tayin tsibirin Curtis, dab da gaɓar jihar Kwinslan, wanda ya ninka nasu girma sau da yawa, da alkawarin gidaje da ayyuka. Amma da sharaɗi: su zama 'yan Ostareliya, ba su da ƙasa tasu mai cin gashin kanta. A 1964 DeRoburt da majalisarsa suka ce a kai kasuwa. Mutumin da ya ga abin da ƙaura ta yi wa danginsa a Turuk ba shi ne za a lallasa da gidan kwano ba. A ganinmu wannan shi ne aiki mafi girma da ya yi a rayuwarsa.

Daga nan ya juya kan ma'adinin. Ya ɗauko masana tattalin arziki da lauyoyi daga waje, ya yi ta kai ƙara zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyu Yok, inda sababbin ƙasashen Afirka da Asiya da suka fito daga mulkin mallaka suka ba shi kunne. A 1967 aka amince Nauru ta saye kayan aikin haƙar a kan dalar Ostareliya miliyan 21, kuma ta biya cikin shekara uku. Aka ba da mulkin kai ran 31 ga Janairu, 1968, shekara 22 cif da dawowa daga Turuk. 'Yan ƙasar a lokacin ba su wuce 3,000 da 'yan kai ba. Shi ne shugabansu na farko.

Sai kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. Ba haraji, makaranta kyauta, asibiti kyauta, wanda cutarsa ta gagara a ɗauke shi a jirgi zuwa Ostareliya. Aka kafa kamfanin jiragen sama na Air Nauru da na jiragen ruwa, aka gina bene mai hawa 52 a Melbon, mai suna Nauru House, a 1977. Niyyar DeRoburt ita ce a tara riba a wani asusu, a sayi kadarori a ƙetare, yadda jikoki za su ci bayan ma'adini ya ƙare. Niyyar ba laifi. Amma jiragen sama suna ta tashi kusan babu fasinja, asara na hawa, 'yan damfara masu sanye da kwat kuma suka gane hanyar tsibirin. Shi kansa ba mai son a ja da shi ba ne, kuma haƙar da ya zargi Turawa da ita ci gaba ta yi a hannunsa, ba a cike rami ko ɗaya ba. Jama'a suka bar kamun kifi suka koma abincin gwangwani. Binciken likitoci a 1975 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na manya suna da ciwon sukari.

A Disamban 1976 matasan majalisa, wadda kujerunta 18 ne a lokacin, suka kayar da shi suka ɗora Bernard Dowiyogo. Ya dawo a 1978, ya ci gaba da mulki, ban da ɗan tsaiko a 1986, har 1989 da aka sake kayar da shi.

Kafin ya sauka, gwamnatinsa ta kai Ostareliya ƙara Kotun Duniya da ke Heg a watan Mayun 1989, tana neman diyyar gyara ƙasar da aka lalata kafin 1967. A 1991, ga tsufa ga ciwo, ya je da kansa ya yi bayani gaban alƙalai. A Yunin 1992 kotun ta ce tana da ikon sauraron shari'ar. Ran 15 ga Yuli na wannan shekara ya rasu a Melbon, da ciwon sukarin da ya addabi mutanensa. A 1993 Ostareliya ta nemi sulhu, ta yarda ta biya dalarta miliyan 107. Benen Melbon kuwa, a 2004 masu bin bashi suka sa aka sayar da shi.